Kunkuru a Ƙofar Gida: A Riƙe Shi Ko a Sake Shi?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:1-7, Ayuba 39:5-8, Karin Magana 12:10

Darasinmu na wannan mako ya tashi ne daga wani ƙaramin abu, har mai yiwuwa ka yi murmushi ka ce, "Yau kuma a kan kunkuru za mu yi nazari?" I, a kan kunkuru ne. Ka yi haƙuri ka biyo ni, gama sau da yawa a kan ƙananan abubuwa ne halin mutum yakan fito fili, a gaban 'ya'yansa kuwa.

A ce ruwan farko ya sauka a Tamale, cikin watan Afrilu ko Mayu. Ƙura ta kwanta, ƙasa tana ƙamshi, shinge sun cika gindin fitila da dare. Washegari ɗanka ya dawo daga makaranta ta bayan gari, wajen Vittin ko Kalpohin ko hanyar Kumbungu, inda sababbin gidaje suke ta cin gonaki. Yana rungume da wani abu a cikin rigarsa. Ya buɗe, sai ga kunkuru, bai wuce tafin hannunka biyu ba, ya shige cikin ƙoƙonsa ya yi shiru. Yaron ya ce, "Baba, a bakin titi na tsince shi, saura kaɗan babur ya taka shi. Ba shi da kowa. Don Allah mu riƙe shi." Kafin ka buɗe baki ƙannensa sun kewaye shi, har sun raɗa masa suna. Uwargida ta ce a fitar mata da shi daga tsakar gida, ga jariri yana rarrafe. Maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce akwai masu sayen irinsa a kasuwa don haɗa magani. Wani kuma ya ce ai nama ne, a hura wuta. Kowa ya faɗi nasa, yanzu ido ya dawo kanka.

Me za ka ce?

Kada ka ɗauka wasan yara ne. Rai ne a hannunka, wanda idan an bar shi zai iya yin shekaru masu yawa. Akwai kuma lafiyar 'ya'yanka. Akwai abu na uku wanda ya fi waɗannan wuyar gani: abin da yaron nan zai koya a yau game da tausayi, da game da bambanci tsakanin "ina ƙaunarsa" da "nawa ne."

Shin ya ɓata ne da gaske?

Bari mu fara da Maimaitawar Shari'a sura 22. A nan Ubangiji ya ba Isra'ilawa doka a kan dabbar da ta ɓata. Wanda ya ga san ɗan'uwansa ko tunkiyarsa ta yi makuwa, ba shi da izinin kau da kai kamar bai gani ba. Wajibi ne ya mayar wa mai ita. Idan mai ita yana nesa, ko ba a san shi ba, sai mai tsintuwa ya kai ta gidansa, ya ciyar da ita, har ranar da aka zo cigiya. Fitowa 23:4-5 ma ta ƙara nauyin abin, gama ta ce haka za ka yi ko da dabbar ta maƙiyinka ce. Saboda haka ɗanka bai yi laifi ba da ya tsaya. Ya ga rai cikin hatsari, bai wuce ba. Ka fara da yaba masa a kan wannan, kafin kowace magana.

Amma ka lura da kyau. Dokar nan tana magana ne a kan dabba mai ubangida, wadda ta saba da garke da turke, wadda idan ba ta koma hannun mutum ba za ta hallaka. Ajiyewar ma ta ɗan lokaci ce, amana ce har mai abu ya zo. Nassin bai ce abin da ka tsinta ya zama naka ba.

Yanzu ka juya zuwa Ayuba sura 39. A can Allah yana yi wa Ayuba tambayoyi a kan namomin jeji, ya kawo zancen jakin jeji. Wane ne ya sake shi? Wane ne ya ba shi hamada ta zama gidansa? Wannan jaki ba ruwansa da hayaniyar birni, ba ya kuma jin tsawar mai kora. Allah bai ambace shi kamar abin tausayi wanda ya rasa mai kiwo ba. Ya ambace shi kamar aikin hannunsa wanda yake daidai inda ya ajiye shi. Zabura 50 ta ƙara tuna mana cewa namomin jeji duka suna da Mai su, ko da babu igiya a wuyansu.

To, kunkurun da yake cikin rigar ɗanka, wanne ne a ciki? Tunkiyar da ta ɓata ce, ko jakin jeji?

A yawancin lokaci, jakin jeji ne. Ga dalili. A ƙasarmu ta arewa damina ɗaya ce a shekara. Daga lokacin da hunturu ya shigo har zafin watan Maris ya wuce, kunkuru yakan ɓuya. Yakan shige ƙarƙashin busasshen ganye, ko ramin da wata dabba ta bari, ko gindin suri, ya rage motsi, ya rage ci, yana jiran ruwa. Da ruwan farko ya taɓa ƙasa sai ya fito da yunwar watanni. Yana neman abinci, namiji yana neman mace, mace kuma daga baya tana neman ƙasa mai laushi inda za ta binne ƙwanta. Wannan tafiya ce takan kai shi bakin titi. Ya san inda ya fito, ya san inda za shi. Ya san inda ruwa yake kwanciya da inda inuwa take a ɗan yankinsa, kamar yadda ka san hanya daga gidanka zuwa kasuwar Aboabo. Bai ɓata ba. Titin ne ya ratsa ta cikin gidansa.

Wannan kuwa gaskiya ce a Tamale fiye da wurare da yawa. A ƙidayar shekarar 2021 an sami mutum fiye da 370,000 a cikin birnin, da wasu fiye da 340,000 a Sagnarigu da take manne da shi. Dattawanmu suna tuna lokacin da unguwannin da muke zaune a yau gonakin dawa ne da kurmin kaɗanya. Mu ne baƙi a wurin. Shi ɗan gida ne.

Ka san abin da yake hannunka

Kafin ka yanke shawara, ka zauna da yaron ku dubi dabbar. Mutane da yawa sun kashe kunkuru da kyakkyawar niyya domin ba su san irin da suke riƙe da shi ba.

Dubi ƙafafunsa. Idan gajeru ne masu kauri kamar na giwa, ƙoƙon bayansa kuma ya yi tudu, to, na tudu ne. Wanda aka fi gani a dajinmu yana da wata alama mai ban mamaki: ƙoƙon bayansa yana da gaɓa wajen baya, yana iya lanƙwasa shi ya rufe ƙafafun baya da wutsiya kamar an ja ƙyaure. Wannan ba gwanin iyo ba ne. Idan ka ji tausayinsa ka jefa shi cikin dam domin "ya koma gida," ka nutsar da shi ke nan.

Idan kuwa ƙoƙon shimfiɗaɗɗe ne, akwai fata tsakanin yatsunsa kamar na agwagwa, yana kuma karkata wuyansa gefe ɗaya in zai ɓoye kai, to, na ruwa ne, wanda muke kira kififiya. Ita takan zauna a kududdufi da tafki da dam-dam ɗin da suke kewaye da gari. Idan ruwa ya ƙafe takan binne kanta cikin laka har damina ta dawo, sa'an nan ta bi ƙasa daga wannan tafki zuwa wancan. Idan ka ɗauke ta takan saki wani wari mai ƙarfi, wannan shi ne makaminta. Abincinta talibambam ne da ƙwari da ƙananan kifaye. Ka ajiye ta a busasshen ɗaki da ganyen latas, ba za ta daɗe ba.

Akwai kuma na uku, babban kunkurun Sahel, mai launin yashi, mai ƙaya a cinyoyinsa. Ƙasarsa ta asali ita ce bakin hamada, daga Senegal da Mali da Nijar har Chadi da Sudan da Habasha. Shi ne mafi girma a cikin kunkuran tudu na babban yankin Afirka. Yana ƙarami yara suna wasa da shi a tafin hannu, amma babban namiji yakan kai nauyin ƙaton mutum, yana haƙa rami mai tsawon mitoci, yana kuma iya ture katangar da ba ta da ƙarfi. Tun dā masu hali sukan ajiye shi a gidajensu a ƙasashen Hausa da maƙwabta. Idan ka ga irin wannan yana yawo a cikin unguwa a Tamale, mai yiwuwa daga gidan wani ya fito. Wannan shi ne tunkiyar da ta ɓata, dokar Maimaitawar Shari'a kuwa ta hau kanka sosai: ka tsare shi, ka yi cigiya a unguwa, ka faɗa wa mai unguwa, a sanar a majami'a da masallaci, har mai shi ya zo.

Bari in ɗan ratse. Wani zai tambaya ko Littafi Mai Tsarki ya ambaci kunkuru da sunansa. A tsohuwar fassarar Turanci ta shekarar 1611, an sa kunkuru cikin jerin dabbobin da aka hana Isra'ilawa ci a Littafin Firistoci 11:29. Masana harshen Ibrananci na baya sun nuna cewa kalmar tana nufin wani irin babban ƙadangare ne na hamada, mai kama da damo. Saboda haka ba mu da ayar da za mu buɗe ta ce mana riƙe ko saki. Dole mu yi abin da mai bi yake yi kullum, wato mu ɗauki abin da Maganar Allah ta koya a fili, mu auna sabon al'amari da shi.

Ka zauna ka yi lissafi

A Luka 14 Ubangiji Yesu ya yi magana a kan mutumin da yake so ya gina hasumiya. Mai hankali yakan fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci, domin kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a. Ya faɗi wannan ne a kan bin sa, amma hikimar ta shafi kowane alkawari da mutum zai ɗauka. Riƙe kunkuru kuwa alkawari ne mai tsawo.

Ka fara da shekaru. Ɗan ƙaramin nan mai ƙyaure a baya yana iya yin shekara 20 ko fiye. Babban na Sahel yana iya wuce 70. A tsibirin Saint Helena akwai labarin wani ƙaton kunkuru mai suna Jonathan, wanda aka kawo daga Seychelles a shekarar 1882, a lokacin ma ya riga ya girma. An ƙiyasta haihuwarsa wajen 1832, aka kuma yi masa bikin cika shekara 190 a 2022. A Nijeriya, a fadar Soun na Ogbomoso, wani kunkuru da ake kira Alagba ya mutu a watan Oktoba na 2019. Mutanen fada sun ce shekarunsa 344. Masana dabbobi ba su yarda da wannan adadi ba, amma abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne, fada ta sa ma'aikata musamman domin kula da shi. Kai wa za ka sa? Ɗanka mai shekara tara zai yi zumuɗi mako biyu, ko wata guda. Sa'an nan ƙwallo zai ɗauke masa hankali. Nan da shekara goma ya tafi makaranta a Kumasi ko Accra. Kunkurun yana nan a bayan ɗaki, aikin kuwa ya koma kan uwargida, wadda tun ranar farko ta ce a fitar da shi.

Sai abinci. A nan ne na fi so ka tsaya, domin a nan ne tausayi yakan zama cuta. Karin Magana 12:10 tana da sassa biyu. Sashi na fari yana kwatanta adali da yadda yake bi da dabbarsa, kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita kuwa ita ce "sani." Adali ya san ran dabbarsa, wato ya san abin da take bukata, ba abin da shi yake jin daɗin ba ta ba. Sashi na biyu yana da kaifi: akwai irin jinƙan da in ka duba ƙarshensa, azaba ne. Na sha ganin wannan. Na ga kunkuru a cikin tsohon baho, an zuba masa ragowar tuwo da shinkafa da miya, yara suna murna wai suna ciyar da shi. Cikinsa ba a yi shi domin tuwo ba. Na dajinmu yana cin katantanwa, da ƙadandoniya, da tana, da laimar kwaɗi, da 'ya'yan itace da suka faɗo, da ɗanyen ganye. Babban na Sahel ciyawa yake ci da harawa, kamar ɗan maraƙi. Dukansu suna bukatar hasken rana domin ƙashinsu da ƙoƙonsu su yi ƙarfi, suna kuma bukatar inuwa da ƙasa mai danshi da za su shige in zafi ya yi yawa. A baho ko a kan siminti, ranar Tamale ta watan Maris tana iya kashe shi kafin la'asar. A cikin ɗaki mai duhu kuwa ƙoƙon yakan yi laushi ya karkace a hankali. Abin baƙin ciki shi ne, kunkuru ba ya kuka. Akuya in tana jin yunwa duk unguwa za ta sani. Shi kuwa zai yi watanni yana mutuwa a hankali, masu gida suna cewa, "Ai lafiyarsa ƙalau, ba ya damun kowa."

Akwai wata al'ada da nake roƙonka kada ka yarda a yi ta a gidanka. Wasu sukan huda gefen ƙoƙon da ƙusa ko jan ƙarfe, su zura igiya su ɗaure shi a gindin itace. Suna tsammani ƙoƙon kamar ƙwarya ne da ya kifa a kansa. Ba haka ba ne. Ƙoƙon kunkuru ƙashin bayansa ne da haƙarƙarinsa suka haɗe wuri ɗaya. Akwai jini a ciki, akwai jijiyoyi. Yana jin zafin hudar, ramin kuma yakan zama ƙofar ruɓa. Haka nan shafa masa fenti domin a gane shi, ko barin yara su riƙa kifa shi a bayansa suna dariya. Ko yawan ɗaukarsa ma yana cutar da shi, gama in ya tsorata yakan saki fitsari, wannan ruwa kuwa shi ne guzurin da ya tara a jikinsa domin ranar fari.

Sai lafiyar gidanka. Uwargida ba ta yi kuskure ba. Kunkuru da kififiya, ko da lafiyarsu ƙalau, sukan ɗauki ƙwayar cutar da ake kira salmonela a cikin kashinsu da jikin ƙoƙonsu. Su ba ta damunsu, amma in ta shiga cikin mutum takan kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, ta fi kuma tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu raunin jiki. Abin ya kai har a shekarar 1975 gwamnatin Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkura waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, wato wajen santimita 10, saboda yara suna wasa da su suna kai hannu baki. A gidan da ake wanke-wanke da girki da shanya a tsakar gida ɗaya, jariri kuma yana rarrafe a ƙasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sukan zo da kaska kuma. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da wasu kunkuran Afirka, har da babban na Sahel, saboda kaskar da take jikinsu tana iya ɗaukar cutar da take kashe shanu da tumaki da awaki. In kana da dabbobi a gida, ka sa wannan a lissafi.

Uwa da 'ya'yanta

Mu koma Maimaitawar Shari'a 22, aya 6 da 7. Dokar tana magana a kan mutumin da ya ci karo da sheƙar tsuntsu a hanya, uwar tana kwance a kan ƙwai ko 'yan tsaki. An hana shi ya kwashe duka. Dole ya saki uwar. An kuma haɗa wannan ƙaramar doka da alkawarin zaman lafiya da tsawon rai, irin alkawarin da aka haɗa da girmama iyaye. Me ya sa? Domin wanda ya ɗauke uwa bai ɗauki tsuntsu ɗaya ba, ya ɗauke na baɗi da na baɗin waccan.

Wannan ya shafi kunkuru ƙwarai. Kaza tana fara ƙwai cikin watanni. Kunkuru yakan yi shekaru kafin ya isa haihuwa, ta dajinmu kuma ƙwai kaɗan take yi. Yawancin ƙwan da 'ya'yan, guza da tunku da karnuka da tsuntsaye suke cinyewa, wutar daji ta rani kuma ta ƙone wasu. Wadda ta tsira har ta girma, tana da daraja fiye da yadda girmanta ya nuna. Da yake kuwa mata ne suke yawan tafiya neman wurin ƙwai, zai yiwu wadda ɗanka ya tsinta tana ɗauke da ƙwai a cikinta.

Kada ka ce guda ɗaya ba kome ba ne. Haka kowa ya ce. Shekaru da yawa ana kwasar kunkura dubbai daga Ghana da Togo da Benin ana kai su Turai da Amurka domin masu sha'awar ajiye su, ban da waɗanda ake ci da waɗanda ake shanyawa domin magani. Ɗan'uwan namu na kurmin kudu, shi ma mai ƙyaure a baya, yanzu yana cikin jerin dabbobin da suke gab da ƙarewa. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar CITES a birnin Washington a shekarar 1973 domin taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, Ghana tana ciki, kunkuran tudu duka kuma suna ƙarƙashinta. A cikin gida, akwai dokar kare namun daji tun 1961, majalisa kuma ta zartar da sabuwa a 2023. Kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba ana rufe farauta da kamun namun daji, domin lokacin haihuwarsu ne. Ajiye naman daji a gida ma yana bukatar izini daga sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Na san mutane da yawa ba su san wannan ba, wasu kuma sun sani suna yin biris. Amma mai bi ba ya auna biyayyarsa da ko ɗan sanda yana kallo. Shawarar maƙwabcinka ta kai shi kasuwa, ka bar ta a bakin katanga inda ta fito.

A Farawa 2:15 aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan biyu ne, ya nome ta, ya kuma tsare ta. Mun iya na farkon sosai. Na biyun ne yakan sha mana kai.

Yaushe ya kamata ka riƙe shi?

Ba na cewa kowane kunkuru a mayar da shi daji nan take. Idan mota ta fasa masa ƙoƙo, ko wuta ta ƙone shi, ko kare ya tauna ƙafarsa, sakinsa a haka miƙa shi ne ga tururuwa da ƙudaje. Ka sa shi cikin kwali mai tsabta a inuwa, ka rufe shi da ƙyalle mara nauyi domin kada ƙuda ya yi ƙwai a raunin, ka ajiye masa ruwa a faranti marar zurfi. Kada ka zuba masa kananzir ko baƙin mai ko toka. Ka nemi likitan dabbobi, ko ka je ofishin Hukumar Gandun Daji mafi kusa ka gaya musu. Ƙoƙon kunkuru yana warkewa kamar kowane ƙashi, amma a hankali, yakan ɗauki watanni. In ya warke, ya koma inda aka same shi.

Haka kuma idan wanda ya daɗe a hannun mutane ne, ka yi cigiya ba a sami mai shi ba. Irin wannan ba a kai shi daji a yar. Bai san wurin ba, zai kuma iya kai wa na daji cutar da ya ɗauko a gida. Babban na Sahel ma dajinmu ba ƙasarsa ba ce. Kada kuma ka ɗauke shi da kanka ka kai gandun Mole ka saki, wai ka yi aikin kirki. Wurin yana da masu tsaronsa da dokokinsa tun da aka mai da shi gandun ƙasa a 1971, su ne za su faɗa maka abin da ya dace. A Senegal akwai wani wuri a Noflaye, kusa da Dakar, da ake kira Ƙauyen Kunkura, inda ake karɓar irin waɗannan daga gidajen mutane, a duba lafiyarsu, a shirya su, kafin a mayar da wasu dajin Ferlo. Ka ga aikin ba na rana ɗaya ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba.

In har ya zama kai ne za ka riƙe shi, da izinin hukuma da yardar uwargida, to, ka riƙe shi kamar mai amana. Ka keɓe masa fili mai ƙasa, ba siminti ba, nesa da madafa da inda yara ƙanana suke wasa, mai rana da inuwa, mai katangar da ba zai haƙa ƙarƙashinta ba. Kwanonsa dabam, ba a wanke shi inda ake wanke na abinci. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Ka kuma faɗa wa kanka gaskiya tun yau: aikin naka ne, ba na yaron ba.

Amma in lafiyayye ne, ɗan daji, wanda aka ɗauko jiya ko yau, ra'ayina a fili yake. A mayar da shi, da wuri kuwa.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya, wato fuskar ɗanka. Zai yi kuka. Mai yiwuwa ya ce ba ka da tausayi. Kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka jira ya yi barci ka fitar da kunkurun, da safe ka ce ya gudu. Yaro yakan gane ƙarya ko da bayan shekaru ne, in ya gane kuwa ba kunkurun zai tuna ba, kai zai tuna. Ka zaunar da shi. Ka ce masa ya yi daidai da ya ɗauke shi daga bakin titi, ya ceci ransa. Ka nuna masa ƙyauren da yake bayan ƙoƙon, ku ƙirga yatsunsa tare, ku duba ƙasan cikinsa: in ya lotsa ciki, wutsiyar kuma doguwa ce, namiji ne, in shimfiɗe yake, mai yiwuwa mace ce. Ku buɗe Ayuba 39 ku karanta tare. Sa'an nan ka tambaye shi, in wani ƙato ya ɗauke shi daga hanyar makaranta, ya kai shi wani gida ya sa a baho, yana ba shi abinci kullum yana shafa kansa, zai kira wannan ƙauna? Ka bar shi ya amsa da kansa, kada ka amsa masa.

Da yamma, in rana ta yi sanyi, ku tafi tare, shi ne zai riƙe kwalin. Ya nuna maka daidai inda ya tsince shi, da wajen da kansa yake fuskanta a lokacin. Ku ƙetare titin zuwa wancan gefen da ya nufa, gama in kun ajiye shi a gefen da ya baro zai sake hawa titin. Ku shiga cikin ciyawa kaɗan, nesa da kwalta da idon masu wucewa. In kififiya ce, ku ajiye ta a bakin ruwa mafi kusa, ba cikin ruwan ba, ta shiga da kanta. Yaron ya sauke shi ƙasa a hankali, ku ja da baya ku tsuguna. Zai daɗe bai motsa ba. Kada ku taɓa shi da kara, kada ku yi magana da ƙarfi. Can za ku ga hanci ya leƙo, sa'an nan ƙafa ɗaya, sa'an nan ɗayar. Ku tsaya har ciyawa ta rufe shi. In kun koma gida, ku wanke hannu da sabulu kafin ku zauna cin tuwo.